Idi a Wata na Biyu: Darasi Daga Kirsimetin Shekarar Annoba

Karatu: Fitowa 12:1-28, Littafin Ƙidaya 9:1-14, 2 Tarihi 30:1-27, Irmiya 32:1-15
Ayar haddacewa: Romawa 15:13
Manufa: Iyalin masu bi su gane cewa Ubangijin da ya ba mu ranakun murna shi ne kuma yake ba mu hikimar sauya shirinsu idan masifa ta zo, ba tare da mun yar da begenmu ba.

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu baƙi ne a garuruwan da muke zaune. Neman abinci ya kai mu Legas, Ibadan, Fatakwal, Abuja da sauran wurare, amma cibiyarmu tana binne a Filato, ko Kudancin Kaduna, ko Gombe, ko Taraba, ko Adamawa. Tun daga watan Oktoba ake fara lissafin tafiya gida. Ana kwasar adashi, ana kai ɗinkin yara wurin tela, ana aika kuɗin watanda domin kada naman ya wuce mu. A watan Disamba ne ake ɗaura aure, a yi taron dangi, a nuna wa kakanni jikokin da aka haifa a baƙunci. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa mun riƙe wannan magana hannu biyu.

A shekarar 2020 ƙafar ta sami cikas. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya baki ɗaya. Daga daren 30 ga Maris aka kulle Legas da Babban Birnin Tarayya, Ogun kuma ta bi baya, har muka yi Ista ranar 12 ga Afrilu a ɗakunanmu, majami'u suna rufe. Da abin ya lafa muka ɗauka an gama, sai cutar ta sake tasowa a watan Disamba. Ranar 21 ga wannan wata kwamitin shugaban ƙasa ya umarci jihohi su taƙaita taruwar biki zuwa mutum 50, wuraren sujada kuma kada su wuce rabin adadin da suke ɗauka. Kwana huɗu ke nan kafin Kirsimeti.

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan cutar. To, me ya sa muke komawa kan zancen? Dalilin shi ne, annoba ba ta ɗauki alkawarin cewa ba za ta dawo ba. Kakanninmu sun ga murar 1918 wadda ta shigo ta tashar jirgin ruwan Legas ta bi ƙasar nan har arewa. Mun ga Ebola a 2014. Zazzaɓin Lassa kuwa yakan tsananta da rani, daidai lokacin bukukuwanmu. Lokacin da hankali yake kwance shi ne lokacin koyo, domin ranar da masifa ta buga ƙofa babu sararin buɗe littafi.

1. Idi na farko a bayan ƙofa aka yi shi

Mu duba Fitowa sura 12. Idin Ƙetarewa, wanda ya zama babban idin Isra'ila, a daren annoba aka fara shi. Babu haikali, babu taron jama'a, babu kiɗa. Kowane gida ya yanka ɗan ragonsa, aka shafa jinin a dogaran ƙofa, aka kuma umarce su kada kowa ya fita waje sai gari ya waye (aya 22). Sun ci abincin da gaggawa, da ɗamara a gindi, da takalma a ƙafa, da sanda a hannu. Maigida shi ne ya tsaya a matsayin firist na gidansa, shi ne kuma aka ɗora wa nauyin bayyana wa 'ya'yansa ma'anar abin da ake yi (aya 26 da 27).

Abu biyu za mu lura da su a nan. Na fari, zama a cikin gida a wannan dare shi ne biyayya. Ba'isra'ilen da ya fita yawo domin ya nuna ƙarfin bangaskiyarsa, da ya karya umarnin Allah ne. Na biyu, Ubangiji bai manta da ƙaramin gida ba. Aya ta 4 ta ce idan mutanen gida sun yi kaɗan ga ɗan rago guda, su haɗa kai da maƙwabcinsu na kusa. Ko a daren kulle, Allah ya tanadi hanyar da ba za a bar kowa shi kaɗai ba.

Kullen 2020 ya tona wani rauni a gidajenmu. Da aka rufe majami'u, iyaye da yawa suka tarar ba su san yadda ake bi da sujadar iyali ba. Mun bar wa fasto wa'azi, mun bar wa malaman Makarantar Lahadi koyar da yara, mun bar wa mawaƙa waƙa. Ranar da waɗannan duka suka yi nisa, gida ya yi tsit. Wasu kuwa a wannan shekara ce suka fara buɗe Littafi Mai Tsarki tare da 'ya'yansu, kuma har yau ba su daina ba. Wannan riba ce da ba za mu so ta zube ba.

2. Allah ya buɗe wata na biyu

Shekara guda bayan fitowa daga Masar, a jejin Sina'i, lokacin idin ya zagayo a rana ta 14 ga wata na fari. Sai wasu mutane suka zo wurin Musa da Haruna da kuka. Sun taɓa gawa, saboda haka ba su da tsarkin shiga idin, amma zuciyarsu ba ta yarda a bar su a baya ba. Musa bai yi musu faɗa ba, bai kuma yanke hukunci da kansa ba. Ya ce su dakata ya ji abin da Ubangiji zai umarta. Amsar da ta zo tana cikin Littafin Ƙidaya 9:9-12. Duk wanda gawa ta ƙazantar da shi, ko wanda yake cikin tafiya mai nisa, zai yi idinsa a rana ta 14 ga wata na biyu, da dukan ƙa'idodinsa.

Mu yi tunani a kan wannan. Allah da kansa ya sa ranar, Allah da kansa kuma ya buɗe wata rana domin waɗanda mutuwa ko nisa suka tare wa hanya. Wannan shi ne halin da yawancinmu muka shiga a 2020: ga mutuwa, ga nisa. Amma aya ta 13 ta ja kunne, cewa wanda yake da tsarki, ba ya kuma cikin tafiya, ya ƙi yin idin da gangan, zai ɗauki alhakin zunubinsa. Sauƙin domin mai larura aka yi shi. Mai ƙiwuya ba shi da rabo a ciki.

Shekaru ɗaruruwa bayan haka, Sarki Hezekiya ya yi amfani da wannan ƙofa domin al'umma ɗungum. A 2 Tarihi 30:2-3 mun karanta cewa sarki da fādawansa da dukan taron Urushalima suka yi shawara su ɗage idin zuwa wata na biyu, domin firistocin da suka tsarkake kansu ba su isa ba, jama'a kuma ba su taru ba. Aka aika manzanni daga Biyer-sheba har Dan. Wasu suka yi musu dariya, wasu suka ƙasƙantar da kansu suka zo. Cikin waɗanda suka zo akwai da yawa da ba su cika sharuɗɗan tsarki ba, sai sarki ya roƙi Ubangiji ya gafarta wa duk wanda ya sa zuciyarsa ga neman Allah, Ubangiji kuwa ya ji. Idin da aka yi a makare ya yi daɗi har suka ƙara kwana bakwai, marubucin kuma ya ce tun zamanin Sulemanu ba a ga irin wannan murna a Urushalima ba.

Idan idin da Allah ya sa wa rana da bakinsa ya karɓi ɗagewa, balle Kirsimeti? Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Mai Cetonmu ba. Ikkilisiya ce ta keɓe 25 ga Disamba, kuma shaidar farko da ake da ita ta kiyaye wannan rana a Roma ta ƙarni na huɗu ce. 'Yan'uwanmu na Masar da Habasha a watan Janairu suke yin nasu. Ranar tana da kyau, muna kuma girmama ta, amma bawa ce ga abin da take tunawa da shi.

A nan zan faɗi abin da ya faru a gidana. A watan Disamba na 2020, bayan mun yi shawara da addu'a ni da uwargida, na buga wa mahaifiyata waya na ce mata ba za mu zo ba. Ta tsufa, tana kuma fama da hawan jini da ciwon sukari, mu kuwa za mu taso daga birnin da cutar ta fi yawa. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ɗana, wa ya faɗa maka zan ga wata Kirsimetin?" Ban sami amsa ba. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, in Ubangiji ya yarda za mu zo da Ista." Na aika kuɗin motar da za mu kashe, aka saya mata akuya da buhun shinkafa, ta raba wa gwauraye mata na unguwarsu. Ranar Kirsimeti jikokinta suka yi mata waƙa ta waya. Muka tafi a watan Afrilu na 2021, ta yanka mana kaza ta ce wannan ce Kirsimetinta. Allah ya ba mu wata na biyu.

Na sani sarai ba kowa ya sami wannan ba. Akwai masu karanta wannan darasi da suka ɗage tafiya domin ƙauna, kafin su je aka binne wanda suke so su gani, wasu ma ba su sami halartar jana'izar ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kai ne ko ke ce, kada Shaiɗan ya mayar da shawarar da aka yanke cikin ƙauna ta zama bulalar dukan zuciya. Mun yi aiki da hasken da muke da shi a lokacin. Za mu dawo kan wannan a sashe na huɗu.

3. Bangaskiya da rigakafi ba abokan gāba ba ne

A kwanakin annoba mun ji wasu suna cewa sa takunkumi ko wanke hannu ko karɓar allura alama ce ta ƙarancin bangaskiya, suna kafa hujja da Zabura 91. Ya kamata mu tuna cewa wannan zabura ce Iblis ya ɗauko sa'ad da ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya faɗo. Yesu ya ƙi, ya kuma nuna cewa jefa kai cikin haɗari da gangan domin a tilasta wa Allah ya cece mu gwada Allah ne (Matiyu 4:5-7). A Littafin Firistoci sura 13 kuma, firist ne yake keɓe mai alamar cutar fata kwana bakwai, ya sake dubawa, in da bukata ya ƙara wasu bakwai. Killace mara lafiya domin kare jama'a tsohuwar ƙa'ida ce a cikin Maganar Allah.

Tarihin Ikkilisiya ma ya koya mana haka. A shekarar 1527 annoba ta faɗa wa garin Witinbag a ƙasar Jamus. Martin Luta ya ƙi barin garin, gidansa ya zama wurin jinyar marasa lafiya. Duk da haka, a wasiƙar da ya rubuta a wannan shekara ya shawarci masu bi su sha magani, su tsabtace gidajensu, su kuma guji wuraren da ba a bukatarsu domin kada su kwashi cuta su kai wa wasu. Ya ƙara da cewa idan maƙwabci yana bukatar taimako, wajibi ne a je masa. Ma'aunin da ya bayar shi ne ƙaunar maƙwabci. Ita ce take cewa ka zauna a gida idan zuwanka zai cuce shi, ita ce kuma take cewa ka tashi idan rashin zuwanka zai hallaka shi.

Muna da namu shaidun a ƙasar nan. Zazzaɓin Lassa ya sami sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno ta yau, inda wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da shi a 1969, aka kawo ta Jos ta rasu a can. A 1970 Dokta Jeanette Troup, likitar mishan a Jos, ta kamu da cutar tana cikin binciken gawar wanda ya mutu da ita, ita ma ta rasu. A 2014 Dokta Stella Adadevoh ta hana mai ɗauke da Ebola barin asibiti a Legas, ta kamu, ta ba da ranta, ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara kuma aka bayyana Najeriya ta rabu da cutar. Waɗannan sun shiga haɗari domin aikinsu ya kira su. Wanda ya cika mota da mutane ya tafi biki yana tari, yana cewa Allah zai kiyaye, kada ya sa kansa a layinsu.

4. Begen da yake sayen gona

Bege a bakin duniya fata ne kawai, wato mai yiwuwa gobe ta fi yau. Begen mai bi yana tsaye a kan alkawarin Wanda ba ya ƙarya. Irmiya sura 32 ta nuna mana kamanninsa. A shekara ta goma ta sarautar Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin kansa yana tsare a filin matsara. Sai Hanamel ɗan kawunsa ya zo ya ce ya sayi gonarsa da take Anatot. Wane mai hankali ne zai sayi gona a ƙasar da abokan gāba suke tattakewa? Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ba Baruk takardun ya ce a sa su a tukunyar ƙasa domin su daɗe, gama Ubangiji ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar. Irmiya bai musunta cewa birnin zai fāɗi ba, shi ne ma ya yi ta faɗar haka. Amma ya fitar da kuɗinsa a kan abin da Allah ya ce zai zo bayan faɗuwar.

Haka begenmu ya kamata ya zama, bege mai hannu da ƙafa. Iyalin da suka ɗage aure suka ci gaba da shirin zaman gidan, Zumuntar Matan da suka ɗinka takunkumi suka raba, matasan da suka kai wa tsofaffi abinci suka ajiye a bakin ƙofa, dukansu gonar Anatot suka saya. Nehemiya 8:10-12 ya koya mana cewa murnar ranar tsarki ba ta cika sai an aika da rabo ga waɗanda ba su shirya komai ba. Wannan sashe na idi babu dokar kullen da ta hana shi, har da kwanon shinkafar da muka saba miƙa wa maƙwabtanmu Musulmi.

Mu kuma tuna Kirsimeti ta farko. Dokar gwamnati ce ta tā da Yusufu da Maryamu daga Nazarat, masauki ya ƙi samuwa, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi (Luka 2:1-7). Daga baya suka gudu Masar da dare (Matiyu 2:13-15). Babu ɗaya cikin waɗannan da yake cikin shirinsu, amma dukansu suna cikin shirin Allah. Manzo Bulus ya yi niyyar zuwa Roma sau da dama aka hana shi (Romawa 1:13), daga ƙarshe ya isa can a matsayin ɗan sarƙa, bishara kuwa ta ci gaba. Shi ya sa Yakubu 4:13-15 ya gargaɗe mu mu riƙa ɗora kowane shiri a kan yardar Ubangiji.

Ga waɗanda ba su sami wata na biyu a duniyan nan ba, 1 Tasalonikawa 4:13-18 bai hana mu kuka ba. Ya ce kada mu yi baƙin ciki irin na marasa bege, domin waɗanda suka yi barci cikin Yesu za su tashi, za a kuma haɗa mu tare da su a gaban Ubangiji. Akwai taron dangi da yake zuwa wanda babu annobar da za ta ɗage shi. Kujerar da ta zama wofi a gidanku tun 2020 tana da mai ita, kuma yana hannun da ya fi namu tsaro.

Abin da iyali za su yi

Tun kafin wata masifa ta zo, maigida da uwargida su zauna su amince cewa lafiyar mafi rauni a cikin dangi, wato tsoho da mai ciki da mai ciwon da ya daɗe, ita ce za ta yanke shawarar tafiya. Idan tilas ta sa an fasa, a sa wata rana tabbatacciya a faɗa wa iyaye, domin "sai wani lokaci" ba ya ta'azantar da tsohuwa. Kuɗin motar da ya ragu a fitar da rabon gida da rabon mabukata kafin a taɓa shi. A gaya wa yara gaskiya daidai da shekarunsu, a ba kowannensu aiki a sujadar iyali, wannan ya karanta, wannan ya tā da waƙa, wancan ya yi addu'a. Labarin cuta kuma a neme shi wurin ma'aikatan lafiya, kada mai bi ya tura wa wasu saƙon waya da bai tabbatar da shi ba, gama shaidar zur ba ta daina zama zunubi domin an aika ta ta WhatsApp.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne ya fi yi wa iyalinku wuya a Kirsimetin 2020, mene ne kuma kuka koya da har yau kuke riƙe da shi?
2. Ta yaya za mu bambanta mai larura da mai ƙiwuya bisa ga Littafin Ƙidaya 9:10-13? Akwai waɗanda suka daina zuwa sujada tun lokacin kulle da ya kamata mu ziyarta?
3. Idan iyaye sun nace a zo gida, likita kuma ya ce akwai haɗari, ta yaya ɗa zai girmama iyayensa cikin shawarar da zai yanke?
4. Wace "gonar Anatot" ce iyalinku za su iya saya a wannan shekara?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai riƙe da kwanakinmu. Mun gode domin ka bi da mu ta cikin shekarun annoba. Ka ta'azantar da gidajen da har yanzu suke makoki. Ka koya mana mu yi shiri da tawali'u, mu sauya shi ba tare da gunaguni ba, mu kuma tuna da maƙwabcin da ba shi da kowa. Ka tsare ma'aikatan lafiya na ƙasarmu. Ka cika mu da bege ta wurin ikon Ruhu Mai Tsarki, har ranar da za mu zauna a babban bikinka. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.